Harsashi 16 a Gaban Benen Empire State: Me Ke Saura Daga Ƙwarewar Harbi Bayan Wata Shida?

Da safiyar Juma'a, 24 ga Agusta 2012, wajen ƙarfe tara, wani mutum mai shekara 58 ya bindige tsohon abokin aikinsa a gefen titi kusa da benen Empire State, a tsakiyar Manhattan da ke birnin Niyok. Ya mayar da bindigarsa cikin jaka, ya saje da masu tafiya aiki kamar ba shi ya yi ba. Wani ma'aikacin gini da abin ya faru a kan idonsa ya bi sawunsa, ya nuna shi ga 'yan sanda biyu da ke tsaye a gaban benen. Suna tunkararsa ya juyo, ya zaro bindigar ya nuna su. Tsakaninsu bai kai mita 3 ba. Suka buɗe masa wuta, ɗaya ya harba harsashi 7, ɗayan 9, duka cikin 'yan daƙiƙu. Mutumin ya faɗi matacce, aƙalla harsashi bakwai sun same shi.

Sai dai ba shi kaɗai ya faɗi ba. Mutum tara masu wucewa sun ji rauni, kuma washegari Kwamishinan 'yan sandan birnin, Raymond Kelly, ya tabbatar da cewa duk taran wutar 'yan sanda ce ta same su: uku harsashi ne kai tsaye, shida kuwa ɓarɓashin harsasan da suka daki manyan tukwanen furanni da sauran abubuwan da ke gefen titin. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasu a cikinsu. 'Yan sandan biyu ba sabbin shiga ba ne, kowannensu ya yi kusan shekara 15 a bakin aiki, kuma kafin ranar babu wanda ya taɓa harbin mutum a cikinsu.

Wannan bayani na ƙarshe shi ne ya sa na zaɓi lamarin. Shekara 15 na ɗaukar bindiga a ƙugu, gwajin harbi sau biyu kowace shekara, sannan rana ɗaya tak da aka bukaci ƙwarewar. Tambayar ita ce, me ya rage a hannu da ido da ƙwaƙwalwar mutum daga abin da aka koya masa, sa'ad da bukatar ta zo ba sanarwa?

Zan fara da yi wa mutanen biyu adalci. Idan aka gwada su da sauran 'yan sandan birnin, harbinsu ya fi na yawanci kyau. Sun tsayar da mai kisa da ya nuna musu bindiga ƙirar .45 a tazarar da ba ta ba da damar tunani mai tsawo, kuma kusan rabin harsasansu sun sami wanda aka nufa. Abin da ya kamata ya tayar wa mutum hankali shi ne cewa wannan sakamako, mai ɗauke da raunata bayin Allah tara, yana cikin masu dama-dama a tarihin rundunar.

Alƙaluman da rundunar ta tara da kanta

Tun 1971 rundunar 'yan sandan Niyok take rubuta duk harsashin da jami'inta ya harba a wajen filin atisaye, wane ne ya harba, daga wace tazara, a wane haske, kuma me ya samu. Rundunoni kaɗan ne a duniya ke da irin wannan kundi. Bayan kisan Sean Bell a unguwar Queens ranar 25 ga Nuwamba 2006, inda 'yan sanda biyar suka harba harsashi 50 a kan motar da yake ciki da abokansa biyu, da asubar ranar ɗaurin aurensa, ba tare da akwai makami a motar ba, Kwamishina Kelly ya gayyaci cibiyar bincike ta RAND ta duba yadda ake horar da jami'ansa. Rahoton ya fito a 2008, ƙarƙashin jagorancin Bernard Rostker.

Abin da suka samu daga 1998 zuwa 2006 shi ne: idan ana musayar wuta, wato ɗan sanda na harbi ana harbinsa, kashi 18 cikin ɗari na harsasansa ne ke samun wanda ya nufa. Idan ba a mayar masa da wuta ba, adadin kan kai kashi 30. A tazarar yadi 7 ko ƙasa da haka kashi 37 ne, da zarar ta wuce nan sai ya sauko zuwa 23.

Yanzu a ajiye waɗannan kusa da gwajin da kowane jami'i ke ci kafin a bar masa bindigarsa. Sau biyu a shekara yakan je filin harbi, babban cikinsu shi ne na Rodman's Neck da ke Bronx. Akwai lacca, akwai damar harba harsashi 45 na motsa hannu, akwai wani zagaye na dabarun fafatawa da ba a ba shi maki, sannan gwajin kansa: harsashi 50 a kan hoton takarda da ke tsaye cik, daga yadi 7 da 15 da 25. Wanda ya samu 39, wato kashi 78, ya ci. Ke nan mutumin da ba ya sauka ƙasa da 78 a fili shi ne yake komawa 18 a titi. Masu rahoton ba su ɓoye ra'ayinsu ba, sun ce gwajin ya fi karkata ga cika sharuɗɗan doka da ƙa'idar aiki fiye da tabbatar da cewa jami'i zai iya amfani da bindigarsa a yanayi na gaske.

Abu ne mai sauƙi a kalli wannan giɓi a ce ai mantuwa ce, hannu ya kwana biyu bai taɓa bindiga ba. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe a nan, kuma duk wanda bai raba su ba zai ba da maganin da bai dace da cutar ba. Akwai ƙwarewar da aka koya ta dusashe saboda rashin amfani. Akwai kuma wadda tun farko ba a koya ba, kamar harbin wanda ke motsi, da harbi kana motsi, da harbi cikin duhu zuciya na bugawa, da lura da wanda ke bayan abin harinka. Wadda ba a koya ba ba ta dusashewa, don babu ita. Ko da za a kai jami'i filin takarda kowane mako, wannan ɓangare ba zai tsiro da kansa ba.

Abin da ke dusashewa, da dalilinsa

Masu nazarin yadda ɗan Adam ke koyon aikin hannu sun daɗe da raba ayyuka gida biyu. Akwai aiki mai gudana, wanda jiki ke gyara kansa yana cikin yi, irin tuƙa keke: wanda ya iya, ko ya shekara goma bai hau ba, 'yan mintoci sun ishe shi ya dawo daidai. Akwai kuma aiki mai matakai, wanda sai an tuna wannan ya biyo wancan, kuma kowane mataki gajere ne, ba ya ba da damar gyara a tsakiya. Wannan na biyun shi ne mai saurin gudu. A 1998 Winfred Arthur da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 53 kan yadda ƙwarewa ke raguwa, suka ga cewa nan da nan bayan horo kusan babu asara, amma bayan shekara guda ba a yi aikin ba asarar tana da girma ƙwarai. Suka kuma ga cewa aikin da ake auna shi da daidaito ya fi saurin lalacewa a kan wanda ake auna shi da sauri, kuma wanda ya dogara da tunani da tuna ƙa'ida ya fi saurin lalacewa a kan na motsin jiki zalla.

Harbi ya haɗa duka biyun, shi ya sa ba ya lalacewa gaba ɗaya lokaci guda. Tsayuwa, da riƙo, da sanin yadda ake jera saitin gaba da na baya, waɗannan suna daɗewa. Tsohon soja da ya shekara ashirin da ajiye kaki zai ɗauki bindiga ya sa ta a kafaɗa yadda ya kamata ba tare da an tuna masa ba. Abin da ke fara tafiya shi ne mai laushi: zaro bindiga daga kube ta iso gaban ido riƙon bai sauya ba, jan kunama a miƙe ba tare da sauran yatsu sun matse ba, danne zaburar da jiki ke yi kafin ƙarar ta tashi, gyara bindigar da ta cije ba tare da an tsaya ana kallonta ba. Duk waɗannan ƙananan motsi ne da ke faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa, kuma su ne suke yanke inda harsashi zai faɗa.

Sannan ga wani abu da tsarin gwajin Niyok ya rufe da hannunsa. An san cewa mutumin da ya huta daga aiki, ƙoƙarinsa na farko-farko shi ne mafi muni, sai ya ɗan motsa sannan hannunsa ya dawo. Wannan dawowa da wuri abin farin ciki ne ga mai koyarwa, don tana nuna cewa sake koyo ya fi koyon farko arha nesa ba kusa ba. Amma ga wanda ke son sanin abin da jami'i ke ɗauke da shi a titi, ita ce babbar mai ruɗi. Harsashi 45 na motsa hannu kafin a fara ba da maki suna goge shaidar dusashewar da aka zo nema. Makin da ake rubutawa na mutumin da ya riga ya ɗumama ne, ya ji lacca, ya san tazara, ya san lokacin da za a busa usur. Wanda ke tsaye gaban bene da ƙarfe tara na safe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Harsashinsa na farko cikin watanni shi ne wanda zai harba a cikin taron mutane, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa ƙaramar bindiga ta fi doguwa saurin kuɓucewa

Nan ne na fi son a tsaya, domin bambancin ba na jarumta ba ne, na ƙira ne, kuma ana iya lissafa shi.

Doguwar bindiga tana jingina da jiki a wuri huɗu: hannu biyu a rabe, kafaɗa, da kunci a kan gindinta. Ƙaramar bindiga tana rataye ne a ƙarshen hannuwa biyu da aka miƙa, babu abin da ya tokare ta. Duk rawar da wuyan hannu ya yi, bakinta ya yi.

Na biyu, tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba. A Glock 19, ɗaya daga cikin bindigogin da 'yan sandan Niyok ke ɗauka, tazarar kusan santimita 15 ce. A M16, doguwar bindigar sojan Amurka, kusan santimita 50 ce. Idan saitin gaba ya kauce da milimita ɗaya kacal, abin da ido da ƙyar yake gani, harsashin Glock zai kauce da kusan santimita 4 a yadi 7, da kusan santimita 15 a yadi 25. Kuskure iri ɗaya a M16 bai kai santimita 5 ba a yadi 25. Wato doguwar bindiga tana yafe wa hannun da ya ɗan yi tsatsa, ƙaramar kuwa tana ninka masa laifinsa sau uku.

Na uku shi ne kunama, kuma a nan Niyok ta ƙara wa kanta nauyi. Lokacin da rundunar ta sauya daga libarba zuwa ƙananan bindigogi masu harsashi mai kaurin milimita 9 a farkon shekarun 1990, an ji tsoron cewa jami'an da suka saba da kunamar libarba mai tauri za su riƙa harbi bisa kuskure da sabuwar mai laushi. Sai aka sa aka taurara ta zuwa laba 12, sama da kilo 5, alhali Glock daga masana'anta takan zo da kusan laba 5 da rabi. Ita kanta bindigar, cike da harsashi, ba ta kai kilo ɗaya ba. Ke nan yatsa ɗaya zai ja nauyin da ya ninka na bindigar kusan sau shida, ba tare da bakinta ya motsa ba. A doguwar bindigar soja nauyin kunama da na bindigar kusan ɗaya suke, ga kuma kafaɗa ta tokare. Jan kunama mai laba 12 a miƙe aiki ne da ake iya koya, masu libarba sun yi shekaru suna yi, amma yana daga cikin ƙwarewar da ta fi kowacce bukatar maimaici. Rundunar ta zaɓi kayan aikin da ya fi bukatar atisaye, ta kuma ba shi kwana biyu a shekara.

Taurin kunamar bai ma cika alkawarinsa ba. A Nuwamba 2014, a wata matakala mai duhu cikin gidajen gwamnati a Brooklyn, wani sabon ɗan sanda da ya zaro bindiga yana sintiri ya firgita ya harba, harsashin ya daki bango ya koma ya kashe Akai Gurley, wanda ke saukowa bai san hawa ba bai san sauka ba. Hannun da ya firgita yana matsewa da ƙarfin da ya wuce laba 12. Abin da ke hana irin wannan shi ne ɗabi'ar ajiye yatsa a wajen kunama har sai an yanke shawarar harbi, ita ma ɗabi'ar da maimaici ake gina ta.

Kada a ɗauka doguwar bindiga ta tsira. Nata ciwon a wani wuri yake. Gwajin sojan ƙasa na Amurka yana da abin hari 40 daga mita 50 zuwa 300, wanda ya samu 23 ya ci, 36 zuwa sama gwani ne. A irin wannan nisa, abin da ke fara ɓacewa na kai ne: yadda ake daidaita saiti da idon mai bindigar, ƙiyasta nisa, sanin inda za a ɗora saiti idan tazara ta sauya, karanta iska. Ga kuma matakan kwance bindiga da haɗa ta da gyara cijewa. A 1982 masu bincike biyu na sojan Amurka, Schendel da Hagman, sun koya wa sojoji kwancewa da haɗa bindiga mai sarrafa kanta ƙirar M60, suka raba su uku. Kashi ɗaya suka tsaya da zarar sun yi daidai sau ɗaya, kashi na biyu suka ci gaba da maimaitawa bayan sun iya, na uku aka dawo da su a tsakiyar lokaci don tuni. Bayan mako takwas, kashi biyun na ƙarshe sun yi kurakurai kaɗan ƙwarai idan aka gwada su da na farko. Mako takwas kacal, ba wata shida ba. Suwizalan, wadda sojojinta 'yan ƙasa ne da ke zaune a gidajensu, ta gane haka tun tuni, shi ya sa ta wajabta musu harba harsashi 20 daga mita 300 kowace shekara a ƙungiyoyin harbi na garuruwansu. Harsashi 20 a shekara ya isa ya tabbatar cewa saitin bindiga yana nan kuma mai ita bai manta kwanciya da numfashi ba. Wanda zai ce adadin nan ya isa riƙe ƙwarewar ƙaramar bindiga a cikin cunkoso bai san aikin ba.

Akwai kuma shekaru, abin da ba a cika son faɗa wa tsofaffin ma'aikata ba. Daga wajen shekara 40 zuwa sama ido kan fara kasa ganin abu na kusa tar, kuma saitin gaba na ƙaramar bindiga yana daidai tazarar da matsalar ke farawa. Ƙarfin riƙo ma yana raguwa sannu a hankali. Daɗewa a aiki tana ƙara wa ɗan sanda sanin mutane da iya kashe wutar rikici da baki, wanda ya fi harbi amfani sau dubu, amma ba ta ƙara masa iya harbi.

Ɓangaren da ba a koya ba

A Holan, Raôul Oudejans da Arne Nieuwenhuys na jami'ar Vrije da ke Amsterdam sun yi gwaje-gwaje da 'yan sandan ƙasar. Suka sa su harbi a yanayi biyu, ɗaya ba barazana, ɗayan kuwa abokin gaba na mayar da wuta da harsashin sabulu mai launi, wanda ba ya kisa amma yana da zafi. Da zarar akwai yiwuwar jin zafi sai jami'an suka fara gaggawa, suna sunkuyar da kai, suna rage lokacin da suke ba wa saiti, daidaitonsu ya faɗi. Sai aka horar da wani kashi a cikin wannan yanayi na tsoro, wani kashin kuma a kan abin hari marar mayar da martani. Zama kaɗan aka yi, na sa'a ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka yi atisaye cikin tsoro sun daina faɗuwa yadda suke yi a da, kuma a binciken da suka wallafa a 2011 an sake gwada su bayan wata huɗu aka tarar ribar tana nan.

Wannan sakamako yana da muhimmanci ga batunmu, domin ya nuna cewa daɗewar ƙwarewa ba ta rataya ga yawan harsashi kaɗai ba, ta rataya ga kamannin da ke tsakanin wurin koyo da wurin amfani. Abin da aka koya cikin natsuwa, cikin natsuwa ake tuna shi.

Joan Vickers da William Lewinski sun ƙara wani haske a 2012, da suka sa wa ƙwararrun jami'ai da kurata na'urar bin motsin ido. A daƙiƙar ƙarshe kafin harbi, ƙwararrun sun kafe idonsu a kan hannun abokin gaba, suka kawo bindigarsu cikin layin ganinsu. Kuratan kuwa da yawa sun ɗauke ido daga mutumin suka koma neman saitin bindigarsu. Sakamakon bai tsaya ga kuskuren hari ba. Sa'ad da mutumin ya juyo da wayar hannu maimakon bindiga, kuratan sun fi ƙwararrun harbinsa nesa ba kusa ba, don ba shi suke kallo ba.

Dole a faɗi wannan da babbar murya, saboda maganar iya saiti tana iya rufe abin da ya fi ta girma. Ranar 4 ga Fabrairu 1999, a Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka harba wa Amadou Diallo, baƙo ɗan ƙasar Gini, harsashi 41 a ƙofar gidansa, 19 suka same shi. Walat ne a hannunsa. Idan aka bi lissafin kashi cikin ɗari, wannan harbi ya fi matsakaicin rundunar kyau, kuma babu mai hankalin da zai kira shi nasara. A lamarin Diallo da na Bell, ƙarin iya saiti da sai dai ya ƙara muni. Ƙwarewar da ta gaza a can ita ce ta gani, da tantancewa, da dakatawa. Ita ma tana dusashewa, ita ma hoton takarda ba ya gwada ta, domin hoton takarda kullum mai laifi ne kuma babu kowa a bayansa.

Abin da rundunar ta yi, da abin da ya rage

Ba daidai ba ne a bar mai karatu da zaton rundunar ba ta taɓuka komai ba. A 1971 'yan sandan Niyok sun harbe mutum 93 har lahira. A 1972, ƙarƙashin Kwamishina Patrick Murphy, aka kafa ƙa'ida mai tsauri kan lokacin da aka yarda a yi harbi, tare da kwamitin da ke bin diddigin kowane harbi, kuma adadin ya yi ta sauka har ya koma kusan goma a shekara a lokacin da lamarin Empire State ya faru. Ƙa'ida da sa ido ne suka kawo wannan, ba filin atisaye ba. Amma nasarar tana da wani gefe: yawancin jami'ai za su yi ritaya ba su taɓa harbi a bakin aiki ba, don haka aikin kansa ba ya sabunta musu ƙwarewar. Duk abin da za su riƙe, daga atisaye zai fito.

RAND ta ba da shawarar ƙara horo mai kwaikwayon yanayi na gaske, da faɗaɗa amfani da na'urar sumar da mutum da lantarki. A 2021 rundunar ta sanar cewa sabbin kurata za su karɓi bindiga mai kunamar kusan laba 5, bayan gwajin da ta yi ya nuna sun fi samun hari da ita. Gyara ne mai kyau, ko da ya zo bayan kusan shekara talatin. Sai dai gyaran ƙarfe ne, kuma gyaran ƙarfe ya fi gyaran kalanda sauƙi. Runduna mai jami'ai kusan 35,000, duk rana ɗaya da aka ƙara ta horo tana nufin ranakun aiki 35,000 da aka janye daga titi, ga kuɗin harsashi, ga ƙarancin fili, ga mazauna City Island, tsibirin da ke daura da filin harbin, da suka daɗe suna kukan ƙarar Rodman's Neck. Na fahimci wannan nauyi, amma ban yarda ya isa hujja ba, musamman a ƙasar da Kotun Ƙolinta ta yanke tun 1989, a shari'ar birnin Canton da Harris, cewa ana iya kama birni da alhaki idan sakacinsa wajen horar da 'yan sanda ya kai matsayin ko-in-kula da haƙƙin jama'a.

Kuma ba lallai ne a ƙara ranaku ba, ana iya rarraba waɗanda ake da su. A 1978 Baddeley da Longman sun koya wa ma'aikatan gidan waya a Birtaniya buga keken rubutu, suka ga cewa masu yin sa'a ɗaya a rana sun koya cikin jimillar sa'o'i kaɗan fiye da masu yin sa'a huɗu a rana, kuma sun fi su riƙewa bayan watanni. An maimaita wannan sakamako a ayyuka iri-iri tun daga lokacin. A ganina, minti 20 kowane wata ya fi yini guda kowane wata shida. Mafi yawan abin da ke saurin gudu, wato zaro bindiga, da riƙo, da jan kunama, da ajiye yatsa a waje, ana iya maimaita shi ba harsashi, da bindigar horo, a ɗaki cikin ofishin 'yan sanda, ƙarƙashin idon mai koyarwa, kafin a fita sintiri. Ba ya cin fili, ba ya damun maƙwabta.

Gwajin kuwa, ni a ganina a juya shi. A kira jami'i ba tare da dogon sanarwa ba, da kayan aikinsa na kullum a jikinsa, a sa shi harba harsashi biyar daga kube kafin lacca, kafin motsa hannu, a kan hari mai motsi, da hoton wanda ba ruwansa a gefe da kuma a baya, wani lokaci kuma harin ya juyo da waya don a ga ko zai iya fasawa. Bayan nan ya yi lacca, ya yi harsashi 45 da 50 ɗinsa kamar yadda aka saba. Makin harsashi biyar ɗin farko shi za a rubuta a fayil ɗinsa, kuma da shi za a yanke ko zai dawo bayan wata shida ko bayan mako uku.